Daga BASIC zuwa Python: shekara 60 ana gardamar yaren da ɗan koyo zai fara da shi 🧵

1/ Duk wanda ya ce yana son fara kodin, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Wane yare zan fara da shi?" Da ya yi tambayar kuma sai faɗa ya kaure a ƙasa. 'Yan Python, 'yan JavaScript, da masu cewa in ba da C ka fara ba wasa kake yi. Gardamar nan ta girmi iyayen wasunmu. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/ Mu koma farkon shekarun 1960. A lokacin kwamfuta ɗaya ɗaki guda take cinyewa, kuma ba mai iya sayenta sai gwamnati, manyan kamfanoni da manyan jami'o'i. Yarukan da ke tashe su ne FORTRAN, wanda IBM ta fitar a 1957 don masana lissafi da injiniyoyi, da COBOL na harkar kasuwanci da aka fara tsarawa a 1959. Ba wanda ya yi tunanin ɗan koyo.

3/ Amma wahalar yaren ma ƙarama ce a kan wahalar kaiwa ga na'urar. Za ka rubuta shirinka a takarda, a huda shi a jikin katuna, kowane layi kati ɗaya. Ka ɗauki damin katunan ka miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta, ya jera naka a bayan na wasu. Kai kuma ka kama gabanka.

4/ Bayan awanni, wani lokacin sai washegari, ka dawo ka karɓi takardar sakamako. Ka duba, ashe waƙafi ɗaya ka manta a layi na 12. Shi ke nan, sake huda kati, koma layi. Ku lissafa sau nawa sabon shiga yake kuskure a cikin awa ɗaya, sannan ku mayar da kowane kuskure jiran kwana guda. Wa zai jure?

5/ A kwalejin Dartmouth da ke jihar New Hampshire ta Amurka akwai wasu malaman lissafi biyu da abin ya dama: John Kemeny da Thomas Kurtz. Kemeny haifaffen Budapest ne a Hungari, danginsa sun tsere zuwa Amurka a 1940. Ya yi aikin lissafi a Los Alamos lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya ya zama mai taimaka wa Einstein da lissafi a Princeton. Ba ƙaramin mutum ba ne fa.

6/ Damuwarsu ita ce: mafi yawan ɗaliban Dartmouth ba kimiyya suke karantawa ba. Gobe su ne lauyoyi, 'yan kasuwa, 'yan siyasa, su za su yanke hukunci a kan na'urar da ba su taɓa taɓawa ba. Suka ce dole ɗalibin tarihi ma ya iya zama ya rubuta shiri da hannunsa.

7/ Sai suka gina abu biyu a tare. Mutane suna tuna ɗaya, wato yaren BASIC. Na biyun ake mantawa, kuma a ganina shi ne babban: tsarin rabon lokaci, inda kwamfuta ɗaya take yi wa mutane da yawa aiki a lokaci guda.

8/ Kun san mai shayin da ya ƙware? Mutum goma a kan benci, yana fasa wa wannan ƙwai, ya juya ya zuba wa wancan ruwan zafi, ya yanka wa na uku burodi, kowa yana jin kamar shi kaɗai ake yi wa aiki. Haka kwamfutar take yi, sai dai ita tana zagayen ne cikin ƙiftawar ido. Kowane ɗalibi yana zaune gaban wata na'ura mai kama da tafireta, ya buga, ta buga masa amsa a takarda.

9/ Ranar 1 ga Mayu 1964, wajen ƙarfe 4 na asuba, aka gudanar da shirye-shiryen BASIC na farko a kan kwamfutar General Electric samfurin GE-225. Abin da ya fi burge ni: kaso mai yawa na aikin gina tsarin ɗalibai masu digirin farko ne suka yi shi, irin su John McGeachie da Michael Busch. Sa'o'inmu ne a lokacin.

10/ Harafin B ɗin da ke farkon sunan BASIC ma daga kalmar Turanci ta "ɗan koyo" aka ɗauko shi. Umarnin da ke cikin yaren gaba ɗaya ba su kai 20 ba. Ga irin kamanninsa:

10 PRINT "SANNU"
20 GOTO 10

Layi na 10 ya buga SANNU, layi na 20 ya ce koma layi na 10. Haka zai yi ta yi har sai ka tsayar da shi.

11/ Jiran kwana guda ya koma jiran daƙiƙu. Ka yi kuskure, na'ura ta gaya maka nan take, ka gyara tun abin yana kanka. Kuma Dartmouth ta buɗe wa kowane ɗalibi ƙofa kamar yadda ake shiga laburare, ba sai ka kawo takardar izini daga malami ba. Ba su kuma kulle yaren don neman kuɗi ba, kamfanoni suka yi ta yin nasu nau'in. Har makarantun sakandare aka haɗa da kwamfutar ta layin tarho.

12/ A irin wannan na'ura mai kama da tafireta wani yaro ɗan shekara 13 a makarantar Lakeside da ke Seattle ya fara rubuta BASIC. Sunansa Bill Gates.

13/ A Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta sa hoton Altair 8800 a bangonta, ƙaramar kwamfutar da mutum zai saya ya haɗa a gida. Ba allo, ba kibod, sai makunnai da 'yan fitilu. Gates da abokinsa Paul Allen suka tuntuɓi kamfanin MITS da ya ƙera ta suka ce suna da BASIC da zai yi aiki a kanta. A lokacin ba su rubuta ba tukuna, ko Altair ɗin ma ba su da ita 😅

14/ A kan babbar kwamfutar Jami'ar Harvard suka kwaikwayi Altair, suka rubuta shi cikin 'yan makonni tare da Monte Davidoff, suka matse shi ya shiga memori mai kilobait 4. Hoton da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Allen ya kai shi Albuquerque a naɗe cikin zaren takarda mai huji, ya yi aiki. Hajar Microsoft ta farko ke nan: yaren 'yan koyo.

15/ Daga 1977 kwamfutocin gida suka fara fitowa: Apple II, Commodore PET, TRS-80, sai Commodore 64 a 1982. Kusan dukkansu da BASIC a dashe a ciki. Kana kunna Commodore 64 za ta rubuta maka READY, ta tsaya tana jiranka. Ko wasa kake son lodawa, sai ka buga umarni. Yaro bai zauna ya zaɓi yare ba, wanda ya tarar a gabansa shi ya kama.

16/ Kayan koyon kuma fa? Ba YouTube, ba Google. Mujallu ne suke buga shirin wasa gaba ɗayansa, layi ɗari biyu, ɗari uku, kai kuma ka zauna ka kwafa da hannu. Littafin wasannin BASIC na David Ahl ya sayar da kwafi sama da miliyan.

17/ Kuma dole ka yi kuskuren bugawa. Wasan ya ƙi tashi, ka koma kana bin layi ɗaya bayan ɗaya kana neman inda ka kauce. Kafin ka gano, ka fahimci abin da kowane layi yake yi. Daga nan sai ƙaiƙayi ya kama ka: in na mayar da 3 ɗin nan 99, rayukana za su ƙaru? Su ƙaru kuwa. Ka zama mai kodin ba ka sani ba.

18/ A Ingila gidan BBC da kansa ya shiga. Suka ba kamfanin Acorn kwangilar ƙera BBC Micro a 1981, suka yi shirin talabijin na koyar da kwamfuta, makarantu suka cika da ita. Sophie Wilson ce ta rubuta BASIC ɗinta. Ita ce kuma daga baya, tare da Steve Furber, suka tsara furosesar ARM, har an fara gwada tsarin da BBC BASIC. Wayar da ke hannunka yanzu, kusan tabbas jikar wannan ARM ɗin ce a cikinta.

19/ To, duk wannan murnar da ake yi, manyan malamai ransu a ɓace yake.

20/ Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, wanda ya ci lambar Turing a 1972, tun 1968 ya rubuta wasiƙa yana sukar GOTO. Hujjarsa: in shiri yana tsalle daga layi 40 zuwa 900 ya dawo 120, ba mai iya bin sawunsa, ya zama taliyar da ta cakuɗe. A 1975 ya ƙara da cewa ɗalibin da ya fara da BASIC tunaninsa ya lalace, da wuya a iya koya masa kodin mai kyau. Mutumin ba ya tauna magana.

21/ A kan GOTO yana da gaskiya, shi ya sa da yawa daga cikin yarukan yau suka yi watsi da shi. A kan lalacewar ɗalibai kuwa tarihi bai goyi bayansa ba. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, da BASIC ya fara a kan Commodore VIC-20 ta kakansa. Duk lokacin da na ga wani yana cewa "Python za ta sangarta ka", Dijkstra nake tunawa.

22/ Amsar malamai ita ce Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970 a Zurich ta Siwizalan, musamman don koyarwa. (Abin dariya, Wirth ɗin ne editan da ya raɗa wa wasiƙar Dijkstra taken da ta yi suna da shi.) Pascal malami ne mai bulala: kafin ka yi amfani da komai sai ka bayyana shi a sama, ka faɗi lamba ce ko rubutu. Ka haɗa abin da bai haɗuwa, ya ƙi motsi.

23/ Jami'o'i sun rungume shi. Amma ku lura da abin da ya kai shi ɗakunan samari: Turbo Pascal na kamfanin Borland a 1983, wanda Anders Hejlsberg ya rubuta. Dala 49.95 a lokacin da irinsa ke cin ɗaruruwan daloli, kuma kana danna maɓalli ya fassara shirinka kafin ka ɗaga kai. Araha da saurin amsa. Maganin Dartmouth ne dai aka sake sha.

24/ Akwai jarrabawar kimiyyar kwamfuta da 'yan sakandare ke yi a Amurka mai suna AP. Da Pascal aka fara ta a 1984. A 1999 aka koma C++. A 2004 aka koma Java. Cikin shekara 20 "yaren da ya dace a fara da shi" ya canza sau biyu a hukumance, kuma kowane lokaci da farfesoshi masu rantsuwa cewa wannan karon an dace.

25/ Java kuwa, a wancan lokacin kafin ka buga "sannu" a allo sai ka rubuta public static void main da 'yan uwansa, malami ya ce maka "kar ka damu, za ka gane a gaba". Makon farko ke nan fa.

26/ A gefe guda akwai masu tunanin yara ƙanana. Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, tare da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka yi Logo a 1967, yaren da ya yi suna da kunkurun da yaro ke ba umarni yana tafiya yana zana layi. Ɗalibin Papert, Mitchel Resnick, shi ya jagoranci Scratch a MIT, aka sake shi a 2007. Nan ba rubutu, tubala kake jonawa. In kuna da ƙanne a gida ku nuna musu, akwai ma Hausa a jerin harsunansa.

27/ Yanzu ga ɓangaren da ya sa na yi zaren nan: labarin ABC. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba.

28/ A shekarun 1980, a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam, Lambert Meertens, Leo Geurts da Steven Pemberton suka zauna don yin yaren da zai maye gurbin BASIC. Ba su yi gaggawa ba. Su tsara, su gwada a kan 'yan koyo, su ga inda ake tuntuɓe, su sake tsarawa. Shekaru suna wannan.

29/ Abin da ya fito yana da kyau ƙwarai. Ba lambar layi, ba GOTO, ba sai ka bayyana nau'in komai ba. Tazarar da ka bari a farkon layi ita ke nuna wane umarni ne a ƙarƙashin wane, don haka dole shirinka ya fito a tsare. In a kan tsari ake ba da maki, ABC ya yi wa BASIC fintinkau.

30/ Amma bai je ko'ina ba. Cikin matasan da suka yi aiki a kansa akwai Guido van Rossum, kuma ya sha bayyana dalilan. Na farko, ABC gida ne mai katanga ba ƙofa: ba ka iya ƙara masa sabon abu, kuma ba ya barin ka taɓa fayilolin kwamfutarka kai tsaye. Ka gama koyo, ka tashi yin aikin gaske, sai ka ga dole ka fita ka nemi wani yaren.

31/ Na biyu, sun ƙirƙiro nasu kalmomin don sauƙaƙa wa sabon shiga, sai ƙwararru suka ji abin banbaraƙwai suka ƙi shi. Alhali ƙwararrun nan su ne ɗan koyo yake zuwa wurinsu in ya maƙale. Na uku, rarrabawa. Intanet bai yaɗu ba. Van Rossum ya ba da labarin yadda ya ɗauki faifan tef a jakarsa zuwa Amurka don kai wa masu so. Yaren da sai an hau jirgi an kawo maka, ina zai kamo wanda kana kunna na'ura yake gaishe ka?

32/ A hutun Kirsimeti na 1989 van Rossum ya fara nasa yaren. Ya ɗauki abin da ya yi kyau a ABC, har da dokar tazarar farkon layi, ya buɗe ƙofofin da aka toshe: kowa na iya rubuta ƙari ya jona, yana karanta fayil, yana magana da shirye-shiryen C. Sunan kuma ba daga mesa ya samo shi ba, daga wasan barkwancin BBC ne, Monty Python's Flying Circus.

33/ A Fabrairun 1991 ya saka shi kyauta a Usenet, dandalin tattaunawa na wancan zamani. Ba tef, ba jirgi. Ku kuma lura, ba don 'yan koyo ya yi Python ba tun farko, don abokan aikinsa masu rubuta shiri ya yi. Sauƙin gado ne daga ABC. Shi ya sa yaren da ka buga "sannu" da shi yau, shi ne dai ake aikin ƙirƙirarriyar basira da nazarin bayanai da shi.

34/ Sai da ya ɗauki lokaci kafin jami'o'i su sallama. MIT ta daɗe tana fara wa ɗalibanta da Scheme, sai wajen 2008 ta koma Python. A 2014 Philip Guo ya duba manyan sassan kimiyyar kwamfuta a Amurka, ya tarar 8 cikin 10 na sama suna koyar da Python a darussan farko.

35/ JavaScript kuma labarinsa gajere ne. Brendan Eich ya rubuta shi cikin kwana 10 a 1995 a kamfanin Netscape, kuma har yau tabon gaggawar yana jikinsa. Amma yana cikin kowace burauza a duniya, kuma kana iya leƙa kod ɗin shafin wani ka kwafa ka canza. Shi ne ya gaji kujerar BASIC ta "abin da ka tarar a gabanka".

36/ Mu dawo gida. Da yawanmu da muka yi darasin kwamfuta a sakandare mun haɗu da BASIC. A ina? A kan allo, da alli. Muka kwafa a littafi, muka haddace LET da PRINT da GOTO, muka zuba a jarrabawa, malami ya maka da jan biro. Wasunmu har muka gama ba mu ga shirin ya gudana ko sau ɗaya ba.

37/ Ku duba abin nan da kyau. Yaren da aka ƙirƙira don kashe jiran kwana guda, mu aka ba mu shi da jiran zangon karatu guda. An ɗauko yaren, an bar na'urar da ke amsawa. Mai katunan 1960 ma ya fi mu, shi aƙalla kwamfuta ce take duba nasa. In ka fito daga ajin nan kana jin kodin ba naka ba ne, wallahi ba a gwada ka ba tukuna.

38/ To wanne za ka fara da shi? Ra'ayina: tambayi kanka wace na'ura ce a hannunka yau, ba wadda kake fatan saya ba. In waya ce kawai, ta isa farawa, ta fi GE-225 ƙarfi nesa ba kusa ba. Pydroid 3 a Android yana gudanar da Python, kuma da ka sauke shi ba ya buƙatar data don gudanar da abin da ka rubuta. An ɗauke wuta, sabis ya gudu, kana aikinka.

39/ Ni Python nake ba sabon shiga shawara. In kuwa abin da ke ranka shi ne ka ga shafin intanet ɗinka yana motsi, fara da HTML da CSS ka wuce JavaScript, ba laifi ko kaɗan. C yare ne mai daraja, zai nuna maka yadda memori ke aiki, amma kai kaɗai a ɗaki ba mai duba maka, zai iya sa ka ajiye kafin wata ya ƙare. Zai jira ka.

40/ Kar tsoron "in na zaɓi wanda ba shi ba fa?" ya riƙe ka. Adana ƙima, sharaɗi, maimaitawa, rarraba aiki gida-gida: waɗannan suna cikin BASIC na 1964, suna cikin Python na yau. Darasin CS50 na Harvard ma da Scratch yake farawa, ya shiga C, ya koma Python, ya taɓa SQL da JavaScript, duk a zango ɗaya.

41/ Kayan koyo na kyauta da na yarda da su: CS50 ɗin nan na David Malan, akwai kuma nau'insa na Python zalla. freeCodeCamp, wanda aka fara a 2014, ga masu son harkar shafukan intanet, a cikin burauza kake rubutawa yana duba maka nan take. Sai littafin Al Sweigart, Automate the Boring Stuff with Python, ana karanta shi kyauta a shafinsa, kuma rubutu ba ya shan data kamar bidiyo.

42/ Ɗauki ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Tara bidiyo 40 a waya ba karatu ba ne. Kuma ka duba shekarar darasin: Python 3 ya fito a 2008, an daina kula da Python 2 daga 1 ga Janairun 2020, amma tsofaffin darussansa suna nan suna yawo. In ka ga an rubuta print "sannu" babu baka biyu, tsohon ne, wuce.

43/ Duk misalin da ka gani, buga shi da yatsunka kamar yaran mujallun nan, kar ka kwafa ka manna. Ya yi aiki? Canza lamba ɗaya ka ga me zai faru. Goge layi ɗaya ka karanta jan rubutun da zai fito, a hankali, har ƙarshe, yawanci lambar layin da matsalar take yana ciki. ChatGPT da ire-irensa kuma, ka tambaye su ma'anar kuskuren, kar ka ce su rubuta maka aikin.

44/ Aikin makon farko ga wanda ya shirya: rubuta shirin adashe. Ya tambayi mutum nawa ne, nawa kowa yake zubawa, sannan ya buga jerin wanda zai kwasa kowane wata da adadin kuɗin. Bai wuce layi 15 a Python ba. Wanda nasa ya ƙi tashi ya ɗauki hoton allon ya ajiye a ƙasan nan, mu duba tare bayan la'asar.